Idon Don Teyo da Akwatin Kamfani

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Corozal zuwa Bayamón ya san Don Teyo Berríos, kuma da wuya a ce bai taɓa zaginsa a zuci ba. Sauran direbobi kan jira mota ta cika, su ɗan taɓa hira, su sha iska. Shi kuwa da mutum huɗu sun zauna sai ka ji ya tayar da inji, tsohuwa tana kokawar jawo ƙafarta ta biyu ya riga ya sa giya. Kofi da tururinsa yake kwankwaɗa, ya ƙone harshe, sannan ya zagi mai kofin. A coci bakin ƙofa ne wurinsa, kafin fada ya gama sa albarka yana waje yana kaɗa makulli. Matarsa Doña Tensia ta sha gaya mana cewa ranar aurensu ma tun kafin a tambaye shi ya ce ya yarda.

Da ya ajiye tuƙi muka ce to, yanzu jiki zai kwanta. Ina! Abin sai ma ya ƙaru, don a da mota ce ke kwashe rawar jikin, yanzu kuwa unguwa ce ke sha. Ya share ƙofar gida, ya sake sharewa, ya leƙa gidan amininsa Cundo da ke jikin nasa, ya dawo ya kwance famfon da lafiyarsa ƙalau ya sake ɗaurawa.

Abu ɗaya na san mutumin nan ya iya jira a duniya, shi ne wasan 'yarsa Yarelis. Shi ma ba haƙuri ne ya sa ba, tsoro ne.

A garinmu yarinya kan iya ƙwallon raga tun kafin ta iya ɗaure gashinta, amma Yarelis ta fita daban. Doguwa ce kamar ubanta, kuma idan ta yi tsalle sai ka ce ta manta hanyar saukowa. Tana 'yar shekara goma sha biyu aka yi wani wasan makaranta, Don Teyo ya biyo ta gefen filin da fasinjoji a mota, ya ce su yi masa haƙuri yanzu zai dawo, ya ruga ciki. Yana shiga ya hango ta ta tashi sama za ta maka ƙwallo, daɗi ya kama shi, ya buɗe maƙogwaro ya ƙwala kira: "Yarelis!" Yarinya ta waiwayo tana sama, ta sauka a kan ƙafar abokiyar wasanta, idon sawunta ya karye. Shi ya ɗauke ta a kafaɗa, ya kai ta asibiti da fasinjojin nan a cikin mota.

Likita ya ce tsautsayi ne, fada ya ce tsautsayi ne, ita kanta yarinyar ta ce tsautsayi ne. Don Teyo ya ce idonsa ne. Bayan ta warke ta girma ta shiga ƙungiyar gari, ya gwada leƙa wasanta sau ɗaya a talabijin na shagon aski, ranar kuwa yatsanta ya goce. Shi ke nan magana ta ƙare. Daga ranar ya kafa wa kansa doka: ba zai sake kallon 'yarsa a lokacin da take wasa ba, ko a fili ko a talabijin.

Ga yadda yake yi, kuma kowa a layinmu ya haddace. Idan lokacin wasa ya yi sai ya zura kaset a tsohon bidiyonsa, ya danna jan maɓalli, ya lulluɓe talabijin da tawul. Ya cusa auduga a kunnuwa, ya haye tudun gonakin agada, ya yi ta zagaye kamar wanda ya zubar da allura. Sai an tashi ya sauko. Ba wanda ke gaya masa wa ya ci. Ko yara sun san ba a yi. Tambaya ɗaya yake yi wa matarsa a bakin ƙofa.

"Ta fito da ƙafarta?"

"Da ƙafarta ta fito, tsoho."

Sannan ya zauna ya kalla, yana ihu yana ba ta shawara a kan wasan da aka gama tun ɗazu. Kaset-kaset ɗin nan ya jera su a kan kanta har suka kai rufi, kowanne da sunan garin da aka buga da shi. Yarelis kuwa duk wasan gida sai ta ce a bar kujera ɗaya kusa da uwarta. Doña Tensia kan ɗora jakarta a kai.

Ana nan sai kamfanin waya mai kawo mana tashoshi ya sauya tsari. Tashar da ke nuna wasanni ta koma cikin waɗanda ba a kamawa sai da akwati ko kati. Bidiyon Don Teyo dama ya tsufa, ya fara cinye kaset, su kansu kaset-kaset ɗin sai an tona kantuna kafin a samu. Ran nan ya danna jan maɓalli ya hau tudu, ya dawo ya tarar da yayyafi kawai a fuskar talabijin. Ihun da ya yi sai da karnukan layi suka amsa.

Kuma a makon ne Yarelis ta zo cin abincin rana, ta ture farantin shinkafa da wake gefe, ta miƙe ƙafarta a kan kujera. Gwiwar ta kumbura kamar gwanda.

"Baba, likita ya ce bana ce ta ƙarshe. Saura wasan Lahadin nan mai zuwa. In mun ci, akwai gaba. In an cinye mu, na ajiye."

"To, ai kin yi ƙoƙari, 'yar nan."

"Ba yabo na zo nema ba. Ka zo ka zauna a kujerar nan. Sau ɗaya, Baba."

Ya miƙe ya je ya duba tukunyar da ba shi ya ɗora ba. Ya dawo ya gyara labule.

"Da wannan gwiwar kike so in zuba miki ido? Haba, Yarelis. So kike a ɗauko mini ke a kan gadon asibiti?"

"Ni dai na gaji da ɗaga kai ina ganin jakar Mama."

Ta faɗi haka ba da faɗa ba, ta ɗingisa ta fita. Maganar ta soke shi, ta kuma zauna daram a inda ta soka. Amma tsoro ya fi ta nauyi. Abin da ya rage masa shi ne kada wasan nan ya wuce bai same shi ba ko da daga baya ne, don haka washegari ya dira ofishin kamfani tun ba a buɗe ƙofa ba.

Wata budurwa mai cin cingam ce a kan tebur. Ta jera masa abu uku. Ga ƙaramin akwati, wanda ke nuna abin da ake yi a lokacin da ake yi, shi ke nan aikinsa. Ga babban akwati mai naɗa, amma na haya ne, abin da ka naɗa yana cikinsa yake zama, ranar da ka mayar da shi ka mayar da komai. Ga kuma wani ɗan kati kamar na banki, wanda ake zurawa a cikin na'urar naɗa idan mutum yana da tasa ta kansa.

"Ƙaramin nan cire shi daga gabana," in ji Don Teyo. "Shi ne ma abin da nake gudu."

"To ɗauki babban, Baba."

"In naɗi 'yata, ta zama ta kamfani? In kun ga dama ku zo ku ɗauke ta a mota? A'a."

"To kati."

Kati ya kwanta masa, domin ɗansa da ke Orlando ya taɓa aiko masa da irin na'urar, tana nan a kwali ƙarƙashin gado. Sai dai kati ba a ba mutum a hannu ya tafi. Sai ma'aikaci ya zo gida ya zura, ya kira ofis, a haɗa lambar kati da ta na'ura. Yaushe zai zo? Ranar Alhamis, tsakanin safe da yamma.

Tsakanin safe da yamma! Ku dubi wanda aka gaya wa wannan magana. Ranar Alhamis tun asuba ya fito da na'urar ya goge, ya tsaya a ƙofar gida. Duk farar motar da ta shigo layi sai ya tare ta, har da ta mai sayar da burodi. Ko bayan gida bai yarda ya shiga ba don kada a ƙwanƙwasa yana ciki. Sai da rana ta karkata ma'aikacin ya iso, ya zura kati, ya rataya waya a kunne yana jiran ofis su ɗauka, Don Teyo na zagaye shi yana leƙa kafaɗarsa. Daga ƙarshe mutumin ya ce katin bai kama ba, sai an kawo wani.

"Yaushe?"

"Mako mai zuwa, in Allah ya so. Tsakanin safe da..."

"Kada ka ƙarasa, ɗana. Don girman Allah kada ka ƙarasa."

Jumma'a ya koma ofis, ya fito, ya sake komawa. Ya ce a ba shi babban akwati, aka ɗauko, ya ce a mayar. Ya je bakin titi ya sha kofi, ya ƙone harshe, ya dawo. Budurwar nan ta gaji, ta tofar da cingam, ta jawo rimot ta nuna talabijin da ke jikin bango, inda wani mutum ke karanta labarai.

"Baba, tsaya ka ga abin da kake ƙi." Ta danna, mutumin ya sandare da baki a buɗe. "Ka ga? Shi can yana ci gaba da magana, akwatin yana tara maka. Ka je ka yi wanka ka dawo, ka danna nan, ya ɗora daga inda ka tsayar. Wannan kuma na tsallake talla ne, in ta dame ka."

Don Teyo ya tsaya cak, abin da ban taɓa jin ya yi ba.

"Wato abin da zan gani ya riga ya faru?"

"Ya riga ya faru mana."

"Amma can ba a tashi ba?"

"Ba a tashi ba."

Ya rungumi akwatin kamar jariri, ko leda bai jira an sa masa ba. Bai zarce gida ba sai wurin Cundo, wanda shi ne uban baftismar Yarelis, ya same shi a baranda yana jera 'ya'yan domino.

"Mutumina, ina da tambaya, kuma ban son wasa. Idan abu ya riga ya faru, ido zai iya bin sa ya ɓata shi?"

Cundo ya dube shi ta saman tabarau. "Wane ido? Naka? Wanda ko lambar domino ba ya gani sai an karanta masa?"

"Na ce ban son wasa."

"To ba zai iya ba. Abin da ya faru ya faru. Ko idon naka na da mota, ba ya tafiya da baya."

"Shi ke nan. Zan tsayar da wasan, in ba su tazara mai kauri, in bi su a baya. Tana fili ina kallo, amma idona ba zai taɓa cim mata ba."

"Kai, Teyo! Mutumin da ba ya iya jiran ruwa ya tafasa ne zai bi wasa a baya? Mu gani."

Lahadi ta zo da zafi. Bayan azahar rabin gari ya tafi filin wasa, Doña Tensia ta ɗauki jakarta ta bi su. A bakin ƙofa ta waiwayo ta dube shi, shi kuwa ya duƙa yana gyara wayar da ba ta da matsala. Waɗanda ba su sami tikiti ba suka taru a barandar Cundo, aka fito da talabijin, aka soya agada. Don Teyo ya rufe tagoginsa ruf, ya kunna fanka, ya cusa auduga. Ana jefa ƙwallon farko ya runtse ido ya danna maɓallin tsayarwa, ya fita ta ƙofar baya ya hau tudu. Ya zagaya, ya sake zagayawa, ya ƙirga kututturen agada har ya rikice. Da ya tabbata tazara ta yi kauri ya sauko a guje, ya zauna a bakin kujera, ya saki wasan.

Wayyo, daɗi! Ga Yarelis da lamba a bayanta, gwiwa naɗe da farin bandeji, kuma ya san a daidai wannan lokaci tana can cikin filin, gumin bai bushe ba. Bai taɓa kusantar ta haka ba tun tana yarinya. Ya yi ihu, ya buga cinya, ya gaya wa alƙalin wasa abin da ba ya maimaituwa.

Sai aka tafi hutu, aka sako tallar katifa. Wani mai ƙaton tumbi ya kwanta yana murmushi yana juyi. Don Teyo ya dube shi, ƙafarsa na rawa. Ya dubi rimot. Budurwar nan ai ta nuna masa maɓallin. Ya danna, mai tumbi ya yi fit ya ɓace, wasa ya dawo. Kai, wannan akwati ɗan albarka ne, in ji shi a ransa.

Ni da nake ba ku labari na san kun riga kun hango, amma shi bai hango ba. Duk tallar da ya tsallake, daga cikin tazararsa yake yanka. Koci ya nemi hutu, ya tsallake. Aka gama zagaye na farko, aka sako tallar lauya mai neman waɗanda mota ta buge, ya tsallake. Aka tsaya goge gumi a ƙasa, ya tsallake. Namu suka ci zagaye biyu, baƙi suka ci biyu, shi kuwa yatsansa bai huta ba, yana cinye tazarar nan kamar yadda yake shan kofi.

A zagaye na biyar, na ƙarshe, zufa ta jiƙa audugar, ta dame shi, ya zare ya yar. Wasa ya kai maƙura: baƙi na neman maki ɗaya su gama, namu na biye da su da ɗaya. Wata 'yar wasanmu ta yi nutso ta ceto ƙwallon da kowa ya fid da rai, maki ya zama namu, aka yi kunnen doki, yanzu sai wanda ya ba da tazarar maki biyu zai ci. A daidai lokacin barandar Cundo ta fashe da ihu.

Don Teyo ya yi tsalle shi ma, sannan ya tsaya da hannu a sama. A daidai lokacin? Ai su Cundo ya kamata su yi wannan ihun tun ɗazu. Ya danna maɓallin gaba. Hoto bai motsa ba. Ya sake dannawa da ƙarfi. Babu gaba, ya iso ƙarshen abin da akwati ya tara. Baƙi suka sake cin maki, ya ji "Kash!" ta taga da ta talabijin a tare, kamar baki ɗaya ne ya faɗa.

Tun yaushe? Bai sani ba. Idonsa na kan 'yarsa kai tsaye, ga gwiwa a naɗe, ga maki ɗaya tsakaninta da ƙarshe. Babban yatsansa ya lalubo maɓallin tsayarwa ya zauna a kai. Dannawa ɗaya ce. Tawul ma na nan a hannun kujera.

Sai mai ɗaukar hoto ya matso da fuskarta. Ta goge goshi da bayan hannu, ta ɗaga kai ta dubi wani wuri a cikin 'yan kallo, kallo ɗan gajere, irin na wanda ya riga ya san abin da zai gani. Ya san wurin. Ya san jakar da ke kan kujerar.

Bai danna ba. Bai kuma kira sunanta ba. Ya cusa ƙasan rigarsa a baki ya cije.

Baƙi suka bugo, namu suka tare, aka ɗaga mata ƙwallo can gefen raga. Yarelis ta taka, ta tashi da wannan gwiwar, ta yi sama. Ta maka. Ƙwallo ta wuce hannuwan masu tarewa kamar harsashi, ta sauka bayan layi da abin da bai fi faɗin yatsa ba. Alƙali ya ɗaga hannu, waje. Barandar Cundo ta yi tsit.

Shi ba ƙwallon yake kallo ba. Ƙafafu yake kallo. Sun sauka su biyu, sun tsaya, sun ɗauke ta ta je ta rungumi abokan wasanta. Ya zare rigar daga baki, ya tarar ya huda ta da haƙori.

An ɗan jima wayar gida ta yi ƙara. Yarelis ce, da hayaniyar fili a bayanta, muryarta a dushe.

"Baba, Mama ta ce in gaya maka da bakina, da ƙafata na fito. Idan ka zo kallo daga baya kada ka zagi alƙali, gaskiyarsa ce. Ni na buga ta waje."

"Na gani."

"Ka gani yaya? Yanzu fa aka tashi."

"Lokacin da kike yi na gani, 'yar nan. Ina zaune ina kallon ki. Na ga tashin, na ga saukar."

Sai ya ji tana kuka, ba irin na wadda aka cinye ba. Shi ma ya bar nasa ya zubo, bai ɓoye ba. Kunya ta kama shi, da baƙin cikin shekarun da ya kwashe yana zagaye gonar agada da auduga a kunne, a banza. Ya yi sauri ya share fuska, don shi komai da sauri yake yi.

"Ki gaya wa uwarki ta ɗauke jakarta. Lahadi mai zuwa ni zan zauna a kujerar nan, tun kafin a buɗe ƙofa ina wurin."

"Baba," ta ce a hankali, "babu Lahadi mai zuwa."

Ya riƙe wayar a kunne har bayan ta ajiye. A talabijin an gama nuna masu murna, aka sako mai tumbin nan da katifarsa, yana murmushi yana juyi. Rimot na kan cinyar Don Teyo, bai taɓa shi ba. Ya zauna ya kalli tallar tun daga farko har ƙarshe.